Belittle: Kalmar da Aka Ƙirƙira Don Kukan Raini

A ƙarshen watan Satumba na 1787 aka sauke wani ƙaton akwati a gidan jakadan Amurka da ke birnin Faris. Da aka buɗe shi, sai ga fata da ƙasusuwa da ƙahonin wata dabbar daji ta arewacin Amurka da ake kira mus. Dangin barewa ce, amma ta fi doki tsawo, gwankinmu kuwa ko kusa bai kama ƙafarta ba. Gashin fatar ya zube da yawa a hanya, ƙahonin ma ba nata ba ne, na wata aka haɗo da su. Duk da haka jakadan, Thomas Jefferson, bai ɓata lokaci ba. Ran 1 ga Oktoba ya rubuta wasiƙa, ya aika da kayan ga wani tsoho mai shekara 80 wanda a zamanin babu masanin halittu a Turai da ya kai shi suna. Wata biyu kafin nan, a Agusta, wata mujalla a Landan ta yi wa Jefferson ɗin nan ba'a saboda kalma guda da ya rubuta a littafinsa. Rigima ɗaya ce ta haifi gawar dabbar da kalmar.

Kalmar ita ce belittle. Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da Turanci ya sha cin karo da ita. A ɗakin labarai mukan fassara ta da raina, ko ƙasƙanta, ko wulaƙanta, gwargwadon zafin maganar. Ma'aikaciya takan kai ƙarar shugabanta cewa yana yi mata haka a gaban abokan aiki, 'yan adawa kuma sukan zargi gwamnati da yi wa wahalar talaka haka. Ta zauna daram a cikin harshen, har mutum ba zai yi zaton tana da ranar haihuwa ba. Amma tana da ita, domin manyan ƙamusoshin Turanci sun haɗu a kan cewa a alƙalamin Jefferson aka fara ganinta, cikin rubutun da ya soma a 1781. Kalmomi kaɗan ne a kowane harshe ake iya nuna mahaifinsu da yatsa haka. Sai dai ma'anar da ya ba ta ranar da ya rubuta ta ta bambanta da wadda muke amfani da ita yau, kuma domin a fahimci yadda ta sauya, dole a fara da tsohon nan da aka aika wa akwati.

Sunansa Georges-Louis Leclerc, amma da sarautarsa ta Buffon aka fi saninsa. Tun 1739 yake riƙe da Lambun Sarki a Faris, wato cibiyar nazarin tsirrai da dabbobi ta masarautar Faransa. A 1749 ya fara fitar da babban aikinsa na tarihin halittu, wanda ya kai mujalladi 36, kuma da wuya a shiga gidan mai ilimi a Turai ba a tarar da shi ba. Abin da Buffon ya faɗa game da dabba, shi ke nan an gama magana. To, a mujalladin da ya fito a 1761 ya kawo wani ra'ayi game da nahiyar Amurka. Ya ce ƙasa ce mai sanyi da laima, cike da fadamu da dazuzzukan da rana ba ta ratsa su, saboda haka duk abin da ke da rai a cikinta yakan fito ƙarami, mai rauni. Ya jera misalai. Tsohuwar duniya tana da giwa, Amurka kuwa babbar dabbar kudancinta ita ce tafir, wadda ba ta wuce ɗan maraƙi ba a idonsa. Muna da raƙumi, su suna da lama. Muna da zaki, su suna da fuma, wanda ba shi da geza, kuma a cewarsa matsoraci ne. Har dabbobin gida da Turawa suka kai can, in ji shi, sukan tsumbure. Abin da kawai ya yarda yana bunƙasa a can shi ne ƙwari da kwaɗi da macizai. Daga dabbobi ya gangaro kan 'yan asalin nahiyar, ya siffanta mazajensu da rashin ƙarfi da rashin gemu da rashin sha'awar iyali.

Buffon bai taɓa taka Amurka ba. Da rahotannin matafiya ya yi aiki, da fatun da suka sha hanya, da dabbobin da suka iso Faris a wahalce bayan makonni a teku.

Waɗanda suka biyo bayansa sun fi shi zaƙewa. Wani limamin kirista ɗan ƙasar Holan, Cornelius de Pauw, ya wallafa littafi a Balin a 1768 inda ya ce cutar ba ta tsaya kan 'yan asali ba, har Turawan da aka haifa a can takan kama su, hankalinsu ya dushe. Daga gare shi aka samo zancen cewa karnukan da aka kai Amurka sukan daina haushi, maganar da ta ƙona wa Alexander Hamilton rai har ya ambace ta a ɗaya daga cikin maƙalolin da ya rubuta a 1787 don kare sabon tsarin mulkin Amurka. Wani kuma, Bafaranshe mai suna Raynal, ya rubuta a 1770 cewa Amurka ba ta fitar da mawaƙi nagari ko gwanin lissafi ko haziƙi guda a kowane fanni ba. Jefferson ya ba da labari daga baya cewa wata rana Benjamin Franklin ya shirya liyafa a gidansa kusa da Faris, Raynal na wurin yana ta wannan zance, sai Franklin ya ce to, Amurkawan da ke teburin su miƙe, Faransawa ma su miƙe, a gani. Aka miƙe, Amurkawa suka yi wa Faransawa rumfa, Raynal kansa kuwa ɗan tsurut ne.

Labarin yana da ban dariya, amma abin da ke ƙasansa ba wasa ba ne. Amurka ƙasa ce jaririya da ta fito daga yaƙi da Ingila, tana neman bashi a bankunan Turai, tana neman abokan ciniki, tana kuma neman mutanen da za su ƙaura su cika mata ƙasa. Idan masu ilimin Turai suka yarda cewa iskar wurin tana tsumburar da shanu da 'ya'ya, wa zai sayar da gonarsa ya tafi? Wa zai ba da rance ga al'ummar da aka ce za ta lalace da kanta? Ra'ayin masanin halittu yana iya komawa kuɗin ruwa a kan bashi.

A 1780 sakataren ofishin jakadancin Faransa a Filadelfiya, François Barbé-Marbois, ya rarraba jerin tambayoyi ga jihohin Amurka game da ƙasarsu da albarkatunsu da dokokinsu. Na jihar Bajiniya ya faɗo hannun gwamnanta, Jefferson. Amsar da ya fara rubutawa a 1781 ta yi ta kumbura har ta zama littafi mai babi 23, wanda ake kira Notes on the State of Virginia, kuma shi kaɗai ne cikakken littafin da ya wallafa a rayuwarsa. A babi na 6, wanda ya kamata ya zama lissafin ma'adinai da tsirrai da dabbobi, ya tsaya ya fuskanci Buffon. Ya zana jadawali, dabbobin Turai a gefe ɗaya, na Amurka a ɗaya gefen, kowace da nauyinta. Beyar ta Turai laba 153 da 'yan kai, ta Amurka laba 410. A saman jerin ya ɗora mamot, giwar dauri da ake tono ƙasusuwanta a yankin kogin Ohayo, yana mai cewa mai yiwuwa tana nan da rai a dazuzzukan yamma da ba a shiga ba. A wannan ya yi kuskure, amma jadawalin ya yi aikinsa. Game da 'yan asalin ƙasar ya ce duk bambancin da ake gani yanayin rayuwa ne ya kawo shi, ya kuma kawo jawabin wani shugabansu mai suna Logan ya ce ba ya jin kunyar ajiye shi kusa da na manyan masu balagar Girka da Rum. Ga Raynal kuwa ya ce a yi wa Amurka adalcin lokaci da na adadi. Mutum miliyan 3 ne kacal, Faransa tana da miliyan 20, kuma duk da haka sun fitar da Washington a yaƙi, da Franklin a kimiyya, da David Rittenhouse a ilimin taurari. Shekara nawa Girkawa suka yi kafin su haifi babban mawaƙinsu?

A tsakiyar wannan muhawara kalmar ta faɗo. Jefferson yana taƙaita ra'ayin Buffon ne, yana neman aikatau guda da zai ɗauki ma'anar cewa ɗabi'a tana mayar da halittunta ƙanana a wancan gefen tekun Atlantika. Sai ya ɗauki little, wato ƙarami, ya manna mata be a gaba. Wannan ɗafa-goshi tsoho ne a Turanci, aikinsa mayar da suna ko sifa aikatau, kamar yadda friend, aboki, ke zama befriend, ƙulla abota. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka muke yi da ɗafa-ƙeya: baƙi ya ba mu baƙanta, fari ya ba mu faranta, gajere ya ba mu gajarta, ƙanƙane kuma ya ba mu ƙanƙanta. Fassarar belittle ta ranar farko ke nan daidai, ƙanƙanta, kuma a zahirin jiki. Mai aikatawa a jimlar ɗabi'a ce, abin da aka aikata wa kuwa dabba ce mai ƙashi da tsoka da za a iya ɗorawa a sikeli.

An fara buga littafin a Faris a 1785, kwafi 200 don abokai, sannan mawallafi John Stockdale ya fitar da shi ga jama'a a Landan a 1787. Mai sharhin mujallar European Magazine and London Review ya karanta, ya iso kan kalmar, ya yi tsalle. Ya ce wataƙila a Bajiniya ana ganinta da kyau, har ma a gane ta, amma su a Landan sai dai su yi hasashen abin da take nufi. Ya ce sun yafe wa Jefferson zagin da ya yi wa ƙasarsu, amma don Allah ya ƙyale musu harshen uwarsu. Akwai abin lura a nan. Kalma ce da yaron firamare zai warware ma'anarta, ginanniya da tubalan Turanci zalla, babu Latin babu Faransanci a cikinta. Laifinta kawai inda ta fito. A shekarar 1781 ɗin da Jefferson ya fara rubutunsa ne wani malami ɗan Sikotlan da ke shugabantar kwalejin da ta zama Jami'ar Princeton, John Witherspoon, ya ƙirƙiri kalmar Americanism don irin waɗannan maganganu na Amurkawa, kuma a bakin marubutan Landan ta daɗe tana nufin gurɓataccen Turanci. Wato abin da Buffon ya ce yana samun karnuka da shanu idan sun ƙetare teku, shi mai sharhin yake cewa ya samu harshe. Ƙyamar ta yi tsawon rai. Har a 1926, H. W. Fowler, wanda littafinsa kan ƙa'idojin amfani da Turanci ya zama alƙali a Ingila, yana kallon kalmar a matsayin baƙuwar da ba a gayyata ba, tunda a ganinsa harshen yana da isassun kalmomi na gida da ke wannan aiki.

Gaskiya ne akwai su, sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan masu fassara suka fi tuntuɓe. Underrate da undervalue da underestimate duk kalmomin awo ne. Suna nufin ka sa wa abu ƙima ƙasa da wadda ya cancanta, kuma mai yin haka yana iya zama mai kyakkyawar niyya wanda lissafi ya kuɓuce masa. Kocin da ya yi wa abokan karawarsa haka shi zai sha kashi, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shi ya sa idan aka ce ɗan wasa underrated ne, yabonsa ake yi, ana cewa duniya ba ta ba shi haƙƙinsa ba. Depreciate daga kalmar Latin mai nufin farashi ta fito, ita ce ta faɗuwar darajar naira da ta tsohuwar mota. Disparage kuwa tarihinta na aure ne. Ta zo ta tsohon Faransanci da ma'anar aurar da mutum ga wanda bai kai shi matsayi ba, kuma a yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 manyan Ingila sun tilasta wa Sarki John ya yi alkawarin ba zai yi wa magada marayu da ke hannunsa irin wannan aure ba. Wanda ya karanta babin kufu'i a fiƙihu zai gane zancen nan take. Belittle ta bambanta da su duka ta wajen niyya da kuma fili. Kana iya yi wa mutum underrate a zuciyarka har ka mutu bai sani ba. Ba ka iya yi masa belittle sai ka buɗe baki, ko ka yi abin da zai gani, ko wasu su gani. Ta fi kusa da ƙasƙantawa fiye da rainin da ke kwance a zuci.

Ba a daɗe ba bayan Jefferson ma'anar ta tashi daga jiki ta koma kan daraja, kuma a can ta zauna. Ma'anar farko ta rage a 'yan wurare, kamar a ce dogon gini ya sa na kusa da shi ya zama kamar ƙarami. A nawa karatun, sauyin ya yi daidai da abin da ya faru tun asali. Ɗabi'a ba ta ƙanƙanta komai a Amurka ba. Wanda ya yi ƙanƙantawar mutum ne zaune a Faris da alƙalami, kuma kalmar ta bar abin da aka zargi ɗabi'a da shi ta koma kan abin da mai zargin ya aikata.

Mu koma kan akwati. Jefferson ya isa Faransa a 1784, ya gaji Franklin a matsayin jakada a 1785. Ya taho da fatar wata babbar kyanwar daji da ya saya a Filadelfiya don ya nuna wa Buffon, daga baya kuma suka ci abinci tare. Kamar yadda ya ba Daniel Webster labari a 1824, ya gaya wa tsohon cewa barewar ƙanƙara ta arewacin Turai za ta iya wucewa ta ƙarƙashin cikin mus ɗin Amurka, Buffon ya ƙi yarda. Gani ya kori ji. A farkon 1786 ya rubuta wa John Sullivan, tsohon janar na yaƙin 'yanci wanda ya zama shugaban jihar New Hampshire, ya roƙe shi ya samo masa dabbar komai tsadarta. Aka tura mafarauta cikin hunturu, suka kashe guda a dajin Vermont, suka yi mako biyu suna jan gawar, suna sare hanya ta kusan mil 20 cikin dusar ƙanƙara. Takardar kuɗin ta riga bayanin isowa Faris, fam 46 na Ingila da 'yan kai, har Jefferson ya ɗauka kuskure ne. Ya biya. A cewarsa Buffon ya yi alkawarin gyara maganarsa a mujalladi na gaba. Ba a ga gyaran ba, domin tsohon ya rasu a watan Afrilun 1788, wata shida bayan isowar akwatin. Don a yi masa adalci, tun a 1777 ya riga ya janye da yawa daga abin da ya faɗa game da mutanen nahiyar, ya nesanta kansa da de Pauw.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama tatsuniyar ƙaramar ƙasa da ta ƙwaci mutuncinta da hujja. Amma littafin bai ƙare a babi na 6 ba. A babi na 14, wanda ke magana kan dokoki, Jefferson ya juyo kan baƙaƙen fata, waɗanda ya mallaki fiye da 600 daga cikinsu a tsawon rayuwarsa. Ya ce a wajen hadda sun yi daidai da farare, a wajen hankali suna ƙasa sosai, har yana shakkar a samu guda da zai bi hujjojin Euclid, masanin lissafin Girkawa, a wajen ƙirƙira kuwa babu armashi. Duk rangwamen da ya nema wa Amurka ya hana su. Lokaci, da adadi, da yanayin rayuwa, waɗanda ya ce su ne ke bayyana halin 'yan asalin ƙasar da na Turawan Amurka, a nan ya ture su gefe. Ya ce bayin Rum sun sha wuya fiye da na Bajiniya amma sun fitar da masana irin su Epictetus da Terence, saboda su farare ne, don haka matsalar ta halitta ce. Bai tsaya kan cewa Terence ɗin a Kartaj aka haife shi, a ƙasar Tunisiya ta yau, kuma laƙabinsa ma Ba'afirke ne ba. Laifi tudu ne.

Misalan da suka saɓa wa ra'ayinsa suna gabansa, kuma ya san su. Phillis Wheatley, wadda aka sato daga Afirka ta Yamma tana yarinya aka sayar a Boston a 1761, ta wallafa diwanin waƙoƙinta a Landan a 1773, bayan manyan Boston 18 sun sa hannu a takardar shaida cewa ita ta rubuta su. Jefferson ya ce waƙoƙin ba su kai a ɓata lokacin sharhi a kansu ba. Ignatius Sancho, wanda aka buga wasiƙunsa a Landan a 1782, ya ɗan yaba masa, sannan ya ajiye shi a ƙasan jerin marubuta, ya kuma jefa shakku kan ko shi kaɗai ya yi rubutun. A gidan nan na Faris da aka buɗe akwatin mus, akwai James Hemings, bawansa, wanda ya koyi girkin Faransawa har ya zama shugaban madafar jakada, ya kuma ɗauki malamin Faransanci da kuɗin aljihunsa. Jefferson ya rufe wannan zance da cewa duk wannan zato ne kawai yake gabatarwa, sai an ƙara bincike. Wannan taka-tsantsan ɗin shi ya fi komai ɓarna, a ganina, domin shi ya sa wa raini rigar ilimi, irin rigar da Buffon ya sa masa.

Sai aka aiko masa da nasa akwatin. Benjamin Banneker baƙar fata ne ɗa, manomi a jihar Maryland, wanda ya koya wa kansa ilimin taurari, ya kuma yi aiki da Andrew Ellicott a 1791 wajen auna filin da aka gina birnin Washington. Ran 19 ga Agustan wannan shekara ya aika wa Jefferson, wanda a lokacin shi ne sakataren harkokin waje, kundin lissafin taurari na shekarar 1792 da ya yi da hannunsa, tare da wasiƙa mai tuna masa abin da shi da kansa ya rubuta a 1776 game da daidaiton 'yan Adam. Jefferson ya amsa ran 30 ga wata cikin ladabi, ya ce ba wanda ya fi shi son ganin irin wannan hujja, kuma ya aika da kundin ga Condorcet, sakataren Cibiyar Kimiyya ta Faris. Shekara 18 bayan haka, Banneker ya riga ya rasu, Jefferson ya rubuta wa abokinsa Joel Barlow a 1809 cewa yana zargin Ellicott ya taimaka masa a lissafin, kuma wasiƙar Banneker ta nuna ƙwaƙwalwa mai matsakaicin tsayi ƙwarai. Da ma'aunin tsawo ya auna hankalin mutumin, kamar yana cika jadawalin babi na 6.

Mai karatu a Katsina zai so ya miƙa nasa misalin, kuma yana da shi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, shekara 40 kafin a ce baƙar fata ba zai bi Euclid ba. A 1807 ma, Jefferson yana shugaban ƙasa, an kawo masa takardu biyu da wasu 'yan Afirka da aka tsare a Kentaki suka rubuta da Larabci, rubutun da shi bai iya karantawa ba sai da ya nemi masu fassara. Amma ina shakkar amfanin tara irin waɗannan misalai a gaban wanda ya riga ya yanke hukunci. Wanda ya aika da mus ya amince cewa sikelin Faris ne zai raba gardama, kuma mai sikeli yana iya cewa wannan guda ɗaya ce, ko ƙahon ba nata ba ne, ko wani ya taimaka. Jefferson da kansa ya hango inda hujjar ta fi ƙarfi. A watan Fabrairun 1809, da yake amsa wa limamin nan Bafaranshe Henri Grégoire, wanda ya aiko masa da littafinsa kan rubuce-rubucen baƙaƙen fata, ya ce ko yaya baiwarsu take, ba ita ce ma'aunin haƙƙinsu ba, domin fifikon Isaac Newton a ilimi bai mai da shi ubangijin kowa ba. Magana ce mai kyau. A wasiƙarsa ga Barlow ya bayyana cewa amsa mai laushi kawai ya ba Grégoire.

Baƙaƙen Amurka ba su ɗauki babi na 14 da wasa ba. David Walker, mai sayar da gwanjon tufafi a Boston, ya fitar da ƙasidarsa ta kira ga baƙaƙen duniya a 1829, inda ya nemi kowane ɗan'uwa ya sayi littafin Jefferson ya damƙa wa ɗansa. Dalilinsa shi ne maganar babban mutum irin wannan ba ta mutuwa da mutuwarsa, kuma raddin da abokai farare suka yi bai wadatar ba, sai su da kansu sun yi.

Lokacin da Walker yake wannan rubutu, Jefferson ya shekara uku a kabari. Ya rasu ran 4 ga Yulin 1826, ya bar bashin da ya haura dala 100,000. A wasiyyarsa ya 'yanta mutum biyar, cikinsu har da maƙerinsa Joseph Fossett, amma ban da matar Fossett da 'ya'yansu. A watan Janairun 1827 aka yi gwanjon gidansa na Monticello. Tallar da jikansa ya buga a jaridu ta jera dabbobi da amfanin gona da kayan ɗaki da na madafa, a kan gaba kuma mutum 130, waɗanda ta siffanta da kalmar valuable, wato masu daraja, har ta ƙara da cewa ba a taɓa fitar da masu tsada irinsu a kasuwa lokaci guda a jihar Bajiniya ba.